Idan Mai Ya Malala: Darasi Daga Teku Ga Mutanen Potiskum

Mutumin Potiskum zai iya cewa ina ruwansa da malalar mai a teku, alhali tsakaninsa da gaɓar teku tafiya ce ta yini da kwana a mota. Amma man da ake haƙowa a can shi ne yake ratsa garinmu dare da rana a cikin tankoki, daga Kano ko Bauchi zuwa Damaturu da Maiduguri. Abin da duniya ta koya wajen kwashe mai daga ruwa ya shafe mu, domin darasin guda ne: mai idan ya zube, da wuya ya kwasu, ko da kuwa ana da kuɗi da kayan aiki.

Yadda ake yaƙi da mai a kan ruwa

Ɗanyen mai bai kai ruwa nauyi ba, don haka yakan taso sama ya bazu, iska da igiyar ruwa su yi ta kora shi. Ƙasashe da kamfanonin mai suna ajiye jiragen ruwa na musamman don wannan aiki. Wasu jiragen suna jan dogon shinge na roba mai yawo a kan ruwa, su kewaye man su tattara shi wuri guda. Wasu suna ɗauke da injinan da ke yaɗe man daga saman ruwa, kamar yadda mai nono take kaɗa maburkaki ya taso da man shanu ta kwashe, sannan a zuƙe shi zuwa cikin manyan tankuna. Akwai masu fesa sinadarin da ke farfasa man ya zama ƙananan ɗigo ya nutse. Idan man ya taru da kauri nesa da gari, wani lokaci akan cinna masa wuta da gangan a cikin shingen da wuta ba ta ci.

A ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a mashigin tekun Meziko kusa da Amurka, ya fashe ya kashe ma'aikata 11. Rijiyar ta yi kwana 87 tana aman mai. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa ganga miliyan 4.9 ta fita, kowace ganga kuwa lita 159 ce. An tara jiragen ruwa manya da ƙanana sama da 6,000, har da na masunta. Duk da haka, lissafin da gwamnatin ta fitar ya nuna cewa abin da aka yaɗe daga saman ruwa kusan kashi 3 ne cikin ɗari, wanda aka ƙona kuma kusan kashi 5. Dalili shi ne shingen ba ya riƙe mai idan teku ta yi tsauri, kuma man yakan bazu ya yi siriri kafin jirage su isa.

A gida Najeriya ma an gani. A watan Disamba na 2011, ganga kusan 40,000 ta malala daga filin Bonga na kamfanin Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, yayin da ake loda mai a jirgi. An yi feshi da jiragen ruwa da na sama, amma masunta sun daɗe suna kokawa. A shekarar ce kuma hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyara ƙasar Ogoni da malalar mai ta gurɓata zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A wata rijiya a yankin Ogale na ƙasar Ogonin, an sami sinadarin benzin mai jawo ciwon daji ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Tun 2006 aka kafa hukumar NOSDRA don sa ido kan malalar mai, amma gurɓataccen ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya warkewa a shekara ɗaya ko biyu.

Tamu malalar a kan kwalta take

Mu a nan ba jirgi za mu jira ba. Tamu malalar ita ce tanka ta faɗi. A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru a nan Jihar Yobe ta kife a garin Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Fetur ya kwarara cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta auku a mahaɗar Dikko a Jihar Neja, inda sama da mutum 80 suka halaka.

Kowa ya san abin da ya kai su. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 fetur ya yi tsada, jarka guda tana iya ciyar da gida kwanaki. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba ruwan fetur ɗin ne yake fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yakan kwanta ƙasa ya bi kwata da kwari ya yi nisa ba tare da ido ya gan shi ba. Tartsatsi ɗaya ya isa: bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, salansar babur mai zafi, taba sigari, janareta, ko garwashin mai shayi. Wanda fetur ya jiƙa wa riga kuwa ba shi da wurin gudu.

Abin yi idan tanka ta faɗi

Na farko, ka yi nisa sosai, ka nufi ɓangaren da iska take fitowa, ka hau tudu, kada ka gangara kwari. Ka kashe babur ko mota, kada ka tayar da inji kusa da wurin. A kashe murhu da janareta a gidaje da shagunan da ke kusa. A kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. A tare yara, kuma a daina tsayawa ɗaukar bidiyo.

Kada a watsa ruwa a kan fetur, domin ruwa ɗaukarsa yake yi ya kai shi gaba. Yashi da ƙasa su ne shingenmu: da su jami'ai suke datse man kada ya shiga kwata, su ne kuma suke tsotse shi. Idan wuta ta kama tufafin mutum, kada ya ruga. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta na kimanin minti 20, a kai shi asibiti. Kada a shafa ƙwai, man goge baki, gishiri ko baƙin mai.

Malalar da ba a labarinta

Akwai wata malalar da ke faruwa kullum shiru: baƙin man da ake juyewa a gareji da tashoshin manyan motoci. Potiskum gari ne na tireloli da kasuwar shanu, kuma yawancin gidaje rijiya da burtsatse suka dogara da su. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadarai masu cutarwa. Wanda aka zubar a ƙasa, damina za ta tura shi ƙasa ko ta kai shi kududdufin da dabbobi suke sha. Zuba shi a masai don kashe wari, ko yayyafa shi don kwantar da ƙura, ko shafa wa dabba don kaska da ƙazuwa, duk cuta ce ake saya da hannu. Bakanike ya tara shi a duro mai murfi, ya sayar wa masu sake sarrafa shi.

Kowa da nasa nauyi

Hukuma ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi tun daga 1 ga Maris, 2025, amma doka sai da mai tsare ta. Masu motoci su gyara birki da taya, su bar direba ya yi barci. Ƙungiyoyin direbobi su hana ajiye tanka mai lodi a tsakiyar kasuwa ko kusa da masu tuya. Gwamnati ta wadata 'yan kwana-kwana da kumfar kashe gobarar mai, ba ruwa kaɗai ba. Limamai, masu unguwanni da malaman makaranta su riƙa faɗa tun kafin ranar ta zo, domin a lokacin da tanka ta faɗi babu mai sauraron wa'azi. Kai kuma magidanci, ka tara iyalinka yau ka gaya musu dokar gidanka: ko da kowa a unguwa ya ɗauki jarka, naka ba za su je ba.