Zauren fim: yadda ake shirya mabuɗin sinimar ban tsoro

A Gure, babban garin Muniyo, mai tazarar kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram bisa hanyar Difa, kallon fim ya daɗe da zama abin yau da kullum. Da fari a gidajen kallo ne samari kan taru gaban telebijin da kaset. Yanzu kuwa kowa da nasa cikin salula. Finafinan Indiya da na Kano da na Amurka duk suna isowa, kuma cikinsu akwai na ban tsoro, watau masu labarin aljannu, mayu, fatalwa da masu kisan gilla. Sai dai akwai wani yanki na fim wanda yawancin ƴan kallo ba su damu da shi ba: mintoci biyu ko uku na farko, inda ake rubuta sunan fim da sunayen waɗanda suka yi aikinsa. Da Faransanci ana ce da shi jenerik. Sau da yawa tura shi gaba ake yi don a kai ga labari. Alhali kuwa, a ƙasashen da sana'ar sinima ta kafu, wannan ɗan yanki yana da gwanaye na musamman waɗanda ba su da wani aiki sai shi.

Jenerik kamar zaure ne a gidan Bahaushe. Ba a shigar da baƙo tsakar gida kai tsaye. A zaure yake tsayawa, ya san ko gidan wa ya zo, ya kuma hangi irin tarbar da za a yi masa. Haka mabuɗin fim yake da aiki biyu. Na farko haƙƙi ne: kowane ma'aikaci, daga mai shirya fim har mai ɗaukar hoto da makaɗi, a ambaci sunansa. Na biyu shi ne shirya zuciyar ɗan kallo. A fim ɗin ban tsoro wannan aiki na biyu ya fi wuya, domin ana so tsoro ya shiga mutum tun bai ga abin tsoron ba. Tsofaffin mata masu tatsuniya sun san wannan dabara tun kafin a ƙago sinima: sai dare ya yi, sai an rage murya, sai yarinyar cikin labari ta yi nisa da gari, sa'an nan Dodo zai fito.

Tun zamanin sinimar da ba ta magana aka gane cewa surar harafi ita ma tana iya tsoratarwa. A shekarar 1920, a Jamus, Robert Wiene ya fitar da fim ɗin Likita Caligari, labarin wani mahaukaci, inda aka zana rubutun da haruffa karkatattu masu tsini, kamar gidajen da ke cikin fim ɗin. Amma bayan haka an daɗe ana ɗaukar jenerik a matsayin jerin sunaye kawai, har a wasu gidajen sinima ba a ɗaga labule sai ya ƙare.

Wanda ya ɗaukaka wannan sana'a shi ne Saul Bass, mai zane ɗan Amurka, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 1996. A 1960 ya yi wa Alfred Hitchcock mabuɗin fim ɗin Psycho. Babu jini a ciki, babu gawa, babu ko fuskar mutum. Layuka ne kawai miƙaƙƙu suke shigowa daga gefen allo, suna kawo suna guntu-guntu; da zarar sunan ya haɗu an karanta shi, sai ya tsage ya watse. Kiɗan Bernard Herrmann, wanda aka yi da kayan tsirkiya zalla, dangin goge, yana bin layukan da gaggawa. Sai a ƙarshen fim ɗan kallo yake gane cewa mai kisan mutum ne wanda hankalinsa ya rabu biyu. Ashe tun a minti na farko haruffa sun faɗi sirrin, ba a dai lura ba.

Wasu kuma da jinkiri suka yi aiki. A 1978 John Carpenter ya yi Halloween da kuɗi kaɗan, wajen dolar Amurka 300,000, abin da ba ya isa komai a sinimar ƙasarsu. Mabuɗinsa kabewa ce guda ɗaya, an huda mata idanu da baki, an kunna kyandir a cikinta, an ajiye ta cikin duhu. Kamara tana matsowa sannu a hankali, sunaye suna fitowa a gefe, kiɗan da Carpenter ya tsara da kansa yana ta maimaita kansa, har idon kabewar ya cika allo. Shekara guda bayan haka, a 1979, Richard Greenberg ya yi mabuɗin Alien, fim ɗin Ridley Scott. Wannan kam duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci zai gane shi fiye da kowa. Sunan fim ɗin haruffa biyar ne, amma ba a nuna su gaba ɗaya ba. Sanda ɗaya fara takan fito a saman allo, sai wata can nesa da ita, sai wata, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har sandunan su zama haruffa, haruffan su zama kalma. Ɗan kallo yana zaune yana ƙoƙarin karanta abin da bai gama bayyana ba, kuma wannan jiran shi ne tsoron.

Lissafin aikin ba ƙarami ba ne. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa, saboda haka jenerik na minti biyu hoto 2,880 ke nan. Kafin zuwan kwamfuta, wanda duk yake son harafi ya motsa, tilas ya zana, ya ɗauki hoto, ya gusa zanen kaɗan, ya sake ɗauka. Har a 1995, da Kyle Cooper ya yi mabuɗin Seven na David Fincher, da hannu aka kankare sunayen, suka fito suna rawa kamar rubutun mai zazzaɓi, a tsakanin hotunan hannun mai kisa yana cika littattafansa da rubutu.

Irin wannan aikin hannu ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, ya kuma rasu a Wagadugu a 2015, tun yana saurayi yake nuna wa jama'a wasan inuwa da zane da fitila. Ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, sa'an nan ya tafi Kanada ya ƙaru da Norman McLaren, gwanin da ya shahara wajen zane da kankara a jikin zaren fim kansa, ba tare da kamara ba. Daga hannun Mustafa Alasan ne aka samu La Mort de Gandji a 1965 da Bon voyage Sim a 1966, finafinan zane masu labarin kwaɗi, waɗanda suke cikin na farko irinsu a Afirka ta Yamma. A 1973 kuma, shi da Anna Soehring suka yi Toula, daga labarin Bubu Hama: fari ya addabi ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa kafin ruwa ya samu. Ba a lissafa Toula cikin finafinan ban tsoro, amma ya nuna cewa labaran ƙasar nan suna da abin da zai sa gashin jiki ya tashi, ba sai an aro fatalwar wasu ba.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinan Hausa na bidiyo sun yawaita, kuma masu labarin tsafi da aljannu ba su da iyaka a cikinsu. Abin takaici, a nan ne aka fi sakaci da zaure. Da yawa suna ɗauko haruffa jajaye masu ɗigar jini daga kwamfuta, irin waɗanda kowa yake da su, su haɗa da ƙara mai kashe kunne, su kuma nuna aljanin tun ba a zauna ba. Wanda ya ga Dodo a bakin ƙofa, me ya rage masa ya ji tsoro a cikin ɗaki? Ga kuma muƙaman ma'aikata da ake rubutawa da Ingilishi, a fim ɗin da daga farko har ƙarshe Hausa ake yi.

Matashin Gure da ke da kamara ko salula mai kyau ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙasarsa ta ba shi kayan aiki. Tuddan rairayi da suke cinye gonaki da kwaruruwan dabino da kanwa, waɗanda ma'aikatan gandun daji da talakawa suka yi shekaru suna dasa musu shinge don su tsaya, su ne babban abin fargabar mutanen yankin, kuma fargaba ce ta gaskiya. A rubuta sunan fim da yatsa a kan tudu, yadda yaro yake koyon baƙaƙe a ƙasa, ko yadda mai bugun ƙasa yake jan layukansa, a kafa kamara, a bar iskar hunturu ta share rubutun harafi bayan harafi. Kiɗa ma ba sai an saya ba: kukan igiyar guga a bakin rijiya mai zurfi, shuwar iska cikin ganyen goriba, kukan mujiya daga nesa. Mai son rubutun ajami da tawada yana iya yi, muddin ya nisanci ayoyi da sunaye masu tsarki, waɗanda ba kayan wasa ba ne.

Saura batun rubutun kansa, wanda ya shafi hukumomin al'adu da na yaƙi da jahilci. Yawancin haruffan ado da ke cikin kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai masu fim su jefar da ƙugiya su wuce. Ga mai karatu kuwa bambancin babba ne: fim mai suna Ƙasa dabam, mai suna Kasa, watau macijiya, dabam, haka nan Baƙi da Baki. Wanda ya zana haruffansa da hannu, kamar yadda aka yi a Caligari da Seven, ya huta da wannan matsala, domin ƙugiya a hannunsa take.

Lokaci ma abin aunawa ne. Masu wannan sana'a sukan bar suna a kan allo gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu ba tare da hanzari ba. Amma ma'auninsu na wanda ya saba da karatu ne tun yana yaro. A Gure da ƙauyukanta, inda ƴan kallo da yawa da girmansu suka koyi haɗa baƙi da wasali, kuma wasunsu Barebarci ko Fulatanci ko Tubanci ne harshensu na gida, ya kamata a ƙara daƙiƙoƙi, a rage yawan sunaye a kowane allo, a kuma sa farin harafi a kan duhu don ya fito sosai a ƙaramin gilashin salula. Fim ɗin ban tsoro ba ya hasarar komai da wannan jinkiri: mabuɗin Alien ya ɗauki kusan minti biyu kafin ya gama rubuta haruffa biyar.