Kayan Kariya Na Ma'aikatan Lafiya: Me Ya Sa Ake Ƙone Su?

'Yan'uwa, sau da yawa idan aka ga ma'aikacin lafiya ya shigo ƙauye rufe ruf cikin fararen kaya, sai tsoro ya kama mutane, har wasu su ɓoye majiyyacinsu. Wasu kuma suna ganin ɓarna ce a sa tufa sau ɗaya a ƙone ta. Bari mu duba dalilin.

Darasi daga Lassa da Jos

A 1969 wata nas mai suna Laura Wine, wadda ke aiki a asibitin mishan na garin Lassa a ƙasar Borno, ta kamu da wata baƙuwar masassara. Aka kai ta asibitin Jan Kwano a Jos, ta rasu. Nas Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, cutar ta ɗauke ta. Daga nan aka sami sunan zazzaɓin Lassa. Haka a Najeriya a 2014, Ebola ta kashe mutum 8, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh. Mai jinya shi ne farkon wanda cuta ke samu.

Abin da kayan ke yi

Waɗannan cututtuka suna bin jini, amai, fitsari da bayan gida. Suna shiga ta ido, hanci, baki ko ɗan rauni a fata. Shi ya sa ake sa safar hannu, takunkumin hanci da baki, tabarau, da riga wadda ruwa ba ya ratsa ta. Bayan aiki, ƙwayoyin cutar suna manne a jikin kayan, ido ba ya ganin su. Don haka ake tuɓe su a hankali, a wanke hannu, a ƙone safar hannu, takunkumi da rigar. Takalman roba da tabarau masu ƙarfi kuwa ana wanke su da ruwan kulorin a sake sawa.

Abin da ya shafe mu

A nan Musawa, kamar Malumfashi da Funtua, rumbunanmu suna cika da masara da dawa bayan kaka, ɓeraye kuwa su ne ke ɗauke da Lassa, kuma cutar ta fi yawa da rani. Saboda haka:

1. Kada yara su tsinci safar hannu a bola su hura ta kamar balan-balan.
2. Kada a ɗauki rigar asibiti da aka yar don yin feshi a gona.
3. Mata masu jinya a gida su sa safar hannu kafin taɓa amai ko jini. In babu, a sa leda mara huji, a ƙone ta bayan haka, a wanke hannu da sabulu.
4. Masassarar da ta ƙi jin maganin cizon sauro, a kai ta asibiti da wuri, ko a kira hukumar NCDC kyauta a 6232.
5. Idan likita ya ce Lassa ce ta yi kisa, a bar ma'aikata su shirya gawar. Fasto da dangi za su yi addu'a da jana'iza ba tare da taɓa ta ba.

Dattawan ikilisiya da zumuntar mata, ku karanta wannan a taronku. Wanda ya zo cikin fararen kayan nan ba ƙyamar ɗan'uwanmu yake yi ba. Yana kare kansa ne, da iyalinsa, da majiyyacin da zai duba bayan namu.