A Dawo Da Wasannin Rediyo Na Dā Gaban Jama'a

Duk wanda ya girma a Kucheri ko Tsafe ko Bunguɗu a shekarun 1970 zai tuna yadda mutane kan kewaye akwatin rediyo guda ɗaya a ƙofar gida idan lokacin wasan kwaikwayo ya yi a Rediyon Kaduna. Ba a ganin fuskar kowa, amma da Samanja ya daka tsawa da Hausarsa ta bariki sai ka rantse kana ganin kakinsa da gashin bakinsa.

Gidan rediyon nan, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, shi ne ya raini wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, da Samanja Mazan Fama na Alhaji Usman Baba Pategi. Tun kafin su ma, wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi, wato Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da aka saurare su a rediyo sannan aka buga su littafi.

Abin damuwa shi ne masu muryoyin suna ta ƙarewa. Samanja ya rasu a watan Nuwamba na 2023. Shi kuwa tef ɗin da ake ɗaukar murya a wancan zamani ba ya jure zafi da laima, kuma gidajen rediyo da dama, har da BBC, sun sha goge tsohon shiri domin su ɗora sabo saboda tsadar tef. Rubutun da aka buga ne ya tsira, ga shi nan ɗalibai suna haddace shi domin jarrabawa, alhali don kunne aka tsara shi tun farko.

A Ingila an gwada wata dabara. Wasan The Hitchhiker's Guide to the Galaxy, wanda BBC ta fara watsawa a 1978, an zagaya da shi gidajen kallo a 2012, 'yan wasan asali suna tsaye gaban makirfo da takardunsu a hannu, mai haɗa sauti kuma yana aikinsa a bainar jama'a. Mutane sun biya kuɗi domin su ga yadda ake ƙera abin da a dā jinsa kawai suke yi.

A ganina wannan hanya ta fi dacewa da mu fiye da su, domin ba ta bukatar labule ko kayan ado ko fitila. Tebur ɗaya da lasifika da mutum biyar sun isa. Ƙoƙo biyu da aka kifa a kan tire mai yashi su ne kofaton doki. Fallen kwanon rufi idan aka girgiza shi tsawa ce. Gero a kan faifai kuwa ruwan sama ne. Yaro ɗan aji uku zai iya riƙe wannan aiki, kuma galibi shi 'yan kallo za su fi zuba wa ido.

Akwai wani dalili kuma. Matsalar 'yan bindiga a yankin Tsafe ta sa taron dare ya yi wuya, dandali ya mutu a ƙauyuka da yawa. Wasan sauti kuwa ana iya yin sa da hantsi a cikin aji, a ɗauke shi da wayar hannu, a miƙa wa Rediyon Zamfara a Gusau ya watsa wa waɗanda hanya ta hana su zuwa.

Ya kamata a nemi izinin iyalan marubutan da kamfanonin da suka buga littattafan kafin a fara. Daga nan sai ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau su zauna da tsofaffin ma'aikatan rediyo da ke raye, su koya musu inda ake numfasawa da nisan da baki zai yi da makirfo, domin waɗannan ba a rubuta su a cikin littafin ba.