Duwatsun Ayar: kasuwar baƙi ta watse, lambu da zinariya sun maye gurbi

Duk wanda ke sayen albasa ko tafarnuwar Agadas a kasuwar Maraɗi ko Damagaram, ko lemun Timiya idan sanyi ya shigo, ya taɓa cin arzikin duwatsun Ayar, waɗanda kakanninmu ke kira Abzin. Hulɗar ta daɗe. Tun zamanin da, ayarin raƙuman Abzinawa ke zuwa Fashi da Bilma ɗauko kantun gishiri da dabino, su gangaro ƙasar Hausa su musanya da hatsi da tufafi. Farin shekarun 1973 da 1984 ya halaka dabbobi masu yawa, manyan motoci kuma suka ƙwace wa raƙumi rabin aikinsa. A wannan hali ne mutanen yankin suka sami sabuwar sana'a, wato tarbar baƙi masu yawon buɗe ido.

Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda ya riƙa ratsa Agadas da Tenere cikin shekarun 1980, shi ya nuna wa Turai wannan ƙasa a talabijin. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa, yana cikin waɗanda suka fara buɗe kamfanin kai baƙi jeji. Daga Oktoba zuwa Maris Turawa na sauka, a kai su magangarar ruwa ta Timiya, ko dutsen Bagzan mai tsawon mita 2,022, ko Dabus inda mutanen da suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Kuɗin baƙo ɗaya na shiga hannu da yawa: direba, mai dafa abinci, mai raƙumi, maƙerin azurfa, da mata masu ɗinkin fata da saƙar tabarma. Ciniki ne na wata shida da ke ciyar da gida shekara guda.

Amma baƙo ba duwatsu kaɗai ya zo gani ba, yana son ya ga barewa da jimina da ragon dutse. A 1988 gwamnati ta keɓe gandun Ayar da Tenere, fili mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Abin yabo a tsarin shi ne ba a kori kowa ba. Makiyaya da masu lambun Iferwan sun ci gaba da zamansu, an dai hana farauta da saran ɗanyen itace, sai wani yanki, kimanin kashi ɗaya cikin shida, da aka rufe ƙwarai domin farar barewar hamada da ake kira adaks. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya.

Murnar ba ta daɗe ba. Tawaye ya ɓarke, ma'aikatan gandun daji suka janye, a 1992 aka mayar da sunan wurin cikin jerin wuraren gado da ke cikin haɗari, ya kuma share shekaru fiye da 30 a can. Inda mai gadi ya tashi, mai bindiga da mota ke shiga. Jiminar Ayar ta ɓace daga daji, sai ƴan kaɗan da ake kiwo cikin shinge.

Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 kasuwa ta farfaɗo, har jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas. Tawayen 2007 zuwa 2009 da nakiyoyin da aka binne a hanyoyi, sannan sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010, suka tsinke igiyar. Ko sanya tsohon birnin Agadas cikin gadon duniya a 2013 bai dawo da baƙi kamar da ba.

To mai mota da sanin hanya ba ya zama hannu sake. Wasu tsofaffin jagororin baƙi suka koma jigilar matafiya zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta, kafin a soke ta a 2023. Wasu suka nufi zinariyar Jado da Cibarakatan da aka gano a 2014. Da yawa kuma suka koma lambu da injin ban ruwa, abin da ya sa albasar Ayar ta cika kasuwannin kudu. Ga ɗan kasuwa wannan alheri ne, babu musu. Sai dai injin yana zuƙar ruwa fiye da yadda raƙumi ko sa ke ja daga rijiya, a ƙasar da damina ba ta da tabbas. Mahaƙan zinariya kuma na buƙatar itace da gawayi da nama, duka daga dajin da aka ce a kare.

Bambancin a fili yake. Lokacin baƙi, itace a tsaye da barewa a raye su ke kawo kuɗi, don haka jagora da kansa yake hana a taɓa su. Yanzu buhun gawayi ne ke da farashi, ma'aikatan da za su tsare fili mai girman nan kuwa ba su taka kara sun karya ba.