Addu'ar Asuba A Gidajen Kiristocin Jambutu

Tun kafin gari ya waye tashar motar Jambutu da ke Jimeta takan cika da direbobi da 'yan kamasho da mata masu sayar da abinci. Duk wanda abincinsa ke wannan tasha, in ya makara, lodin farko ya wuce shi. Saboda haka ne Kiristocin unguwar da dama suka mai da ibadarsu ta kullum can da asuba, tun da dai da sanyin safiya ake kama fara.

Ibadar ba ta da tsawo. Akan ta da yara, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a karanta 'yan ayoyi, sa'an nan a yi addu'a domin matafiya da marasa lafiya. Akasari da Hausa ake yi, ko da gidan na Bachama ne ko Kilba ko Margi, gama tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Bishara kuwa ta daɗe a wannan yanki, domin a 1913 Dokta Niels Bronnum, mutumin Denmark, ya sauka Numan, inda Ekklisiyar Lutheran ta kafu.

Abin da ke damun iyaye yanzu shi ne aikin dare da wayar hannu, waɗanda ke cinye barcin matasa har asuba ta kuɓuce musu. Sujadar Lahadi da taron Zumuntar Mata suna nan daram, amma kwana shida na mako a gida da tasha ake yin su, kuma abin da yaro ya saba ji da asuba shi zai kai gidansa.