Injiniyan tace ma'adinai: mai raba dutse da zinariya

Jama'a, shirinmu na wannan mako ya taɓo wani ma'aikaci da ba kasafai ake ganinsa ba, wato injiniyan tace ma'adinai. Kar ka haɗa shi da mai haƙa. Mai haƙa in ya fito da dutse ya gama nasa, daga nan na wannan ke farawa. Shi zai faɗi abin da ke cikin dutsen, da yawansa, da yadda za a fitar da shi. Maƙeran da, masu narka tama su fitar da ƙarfe, su ne kakanninsa a sana'a.

Akwai makarantar EMIG a Yamai da EMAIR a Agadas, a Najeriya kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na koyar da fannin. Amma takardar ba ta zaunar da mutum a ofis. Sabon shiga daga ɗakin gwaji yake farawa, yana ɗibar samfur yana awo, yau aikin rana gobe na dare, don injin niƙa ba ya barci. Sai ya yi shekaru kafin a damƙa masa masana'anta.

Kai ɗan kasuwa, yi wannan lissafi. A babbar mahaƙa, tan guda na dutse sau da yawa 'yan giram na zinariya kawai ke ciki. Dole a niƙe shi lukui, a jiƙa da sinadarin sayanayid, zinariyar ta narke ta bi ruwa. Niƙa ya gaza, riba ta tafi da laka. Sinadari ya yi yawa, an zubar da kuɗi. A Arlit, inda ake fitar da yuraniyom tun 1971, ruwan asid ake zuba wa dutsen har a sami garin nan rawaya da ake ɗurawa a duro.

To, in giram kaɗan aka cire daga tan guda, ina sauran? Nan maganar ta iso gare ka, makiyayi. Sauran laka ce mai guba, kuma tsare ta na wuyan injiniyan: tafki mai shimfiɗar leda, da shinge, da awon ruwan rijiyoyin kusa. A ganinmu, da wannan ake gane na ƙwarai.

Inda babu irinsa kuwa, an ga abin da ya faru a Zamfara a 2010. Dutsen zinariyar ƙauyuka irin su Dareta da Bagega cike yake da dalma, ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙura na sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Gwajin da injiniya ke yi kullum da ya nuna dalmar tun farko.

Saboda haka in kiwo ya kai ka kusa da wurin wankin zinariya, kar ka bar dabba ta sha daga kududdufin wurin, ko da ruwan ya yi garau. Sayanayid kan kayar da saniya nan take. Kai mai sayen zinariya, matsa daga hayaƙi in ana ƙona zaiba, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Duro ko jarkar da ta fito daga mahaƙa kuma, komai arharta, kar a zuba mata ruwan sha ko nono.