Kwas ɗin sati biyu ko zaman gaban oga: ina matashin Agege zai zuba kuɗinsa?

Tun da Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, martabar keke ta fara dawowa. Shin matashin Zangon Agege zai ci riba idan ya biya kuɗin gajeren kwas na ƙera gangar jikin keke?

A Amurka da Ingila irin wannan kwas kan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu, ɗalibi ya tafi gida da abin da ya haɗa da hannunsa. Sai dai hannu ba ya faɗawa cikin kwana 14. Bututun keke ba shi da kauri: wutar walda ta yi yawa ya huje, saiti ya kauce keken ya riƙa ja gefe guda.

Ga kuma batun kasuwa. A Legas keken gwanjo ya fi na ƙirar hannu araha nesa ba kusa ba. Gyara ne ke kawo na cefane kullum: ƙarfen da ya tsage, kurar 'yan garuwa, Keke Napep.

Saboda haka kwas ɗin na amfanar wanda ya riga ya iya walda, yake kuma da kayan aiki. Sabon shiga kuwa gara ya zauna gaban oga, sannan ya nemi shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago.